Masu shara da masu gadi a kwangilolin gwamnati: wa zai cika musu albashinsu?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ga ya fi kyau in kawo shi nan, tunda muna da lauyoyi da akawu da 'yan kwangila a cikinmu.

Ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati, ba zan faɗi sunanta ba. Akwai wata dattijuwa da ke share mana bene tun kafin a kawo ni wurin. Kullum kafin ƙarfe bakwai ta gama goge tebura ta kwashe kwandunan shara. Ba ma'aikatar ce ta ɗauke ta ba, wani kamfani ne da aka ba kwangilar tsafta ya kawo ta. Ranar Talata ta miƙo mini wayarta, ta ce in duba mata saƙon banki don idonta ba ya gani sosai. Na karanta mata. Sai aka yi dace a ranar fayil ɗin kwangilar ya biyo ta teburina za a kai shi ofishin biya. Na buɗe, na ga abin da gwamnati ke biya a kan kowane mutum ɗaya: mafi ƙarancin albashi cif, ga kuɗin fansho, ga na kayan sawa, ga ribar kamfani a layinta daban. Abin da ya shiga wayar baiwar Allahn nan bai kai kashi biyu cikin uku na albashin da aka rubuta da sunanta ba.

Na yi wa shugaban sashenmu magana, ya ce mini: "Ai ba ma'aikatanmu ba ne, tsakaninsu da kamfaninsu ne." Shin haka abin yake? Gwamnatin da ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi za ta iya zuba ido ana karya ta a cikin gininta, ta ce babu ruwanta?

Abban Sadiya:
Wa alaikumus salam. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Allah ya saka mata.

Barista:
Hajiya, amsar shugabanki ita ce amsar da ake bayarwa a ko'ina, kuma an daɗe da gano raminta. Tun 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 94 a kan wannan matsala kaɗai. Abin da ta ce shi ne, duk kwangilar da hukumar gwamnati za ta bayar, wadda za a ɗauki ma'aikata a cikinta, dole a rubuta sharaɗi cewa albashinsu da awoyin aikinsu ba za su gaza abin da ake ba masu irin wannan aiki a yankin ba. Sharaɗin yana bin aikin ko da ɗan kwangila ya sake ba wani ƙaramin ɗan kwangila. Ta kuma ce a liƙa sanarwa a wurin aiki domin ma'aikaci ya san haƙƙinsa, sannan a ba hukuma ikon riƙe kuɗin ɗan kwangila ta biya ma'aikatan da aka zalunta. Ƙasashe sama da 60 sun rattaba hannu.

Amma ki lura, wa za a kama da laifi ya danganta da dokar kowace ƙasa da kuma abin da aka rubuta a takardar kwangilar. Shi ya sa zan roƙe ki, ki koma ki karanta sharuɗɗan da ke bayan fayil ɗin, kada ki tsaya a shafin lissafi.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Ina neman afuwa, amma a bar ni in yi magana a madadin waɗanda ake zagi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a ta samar da masu shara da masu gadi. Ban ce babu azzalumai a cikinmu ba, akwai su, na san su. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na farko, biya. Ka yi aikin wata huɗu ba a sakar maka ko kwabo ba, fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur. Ma'aikata kuwa ƙarshen wata suke jira. Ka ci bashin banki ka biya su, kuɗin ruwa ya cinye ribar tun kafin ta zo.

Na biyu, wanda ya fi ciwo. Na taɓa karɓar kwangilar shekara uku. A shekara ta biyu gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi. Na rubuta takarda ina neman a daidaita kuɗin kwangilar, aka ce mini farashin da na sa hannu a kai shi ke nan. To daga ina zan fitar da ƙarin? Gwamnati ɗaya ce ta ce in ƙara, ita ce kuma ta ce ba za ta ƙara mini ba. Na cika wa mutanena daga aljihuna na wata biyar, daga nan na ajiye aikin. Wanda ya karɓa bayana na san abin da yake biya, kuma ba zan faɗa a nan ba don kunya.

Uwar Marayu:
Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan wata biyar ɗin nan. Amma wanda gwamnati ta ƙi biyansa yana da ofis, yana da lauya, yana da bakin magana. Ita mai sharar fa? A kanta duk rigimar take sauka, alhali ba ta cikin ɗakin da aka yi ciniki.

Baba Akawu:
Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don na yi shekaru ina zama a kwamitin tantance masu neman kwangila kafin in yi ritaya, kuma a nan ne cutar take farawa. Ba ranar biyan albashi ake cutar mai shara ba. Tun ranar da aka buɗe ambulan ɗin tayi aka gama da ita.

Ga misali, da lambobi na ƙirƙira don sauƙin fahimta. A ce mafi ƙarancin albashi 100 ne a wata, ana buƙatar masu shara 50. Albashi kaɗai ya kama 5,000. Ƙara fansho da inshora da kuɗin wanda zai riƙe aiki idan wani ya tafi hutu, da tsintsiya da sabulu da safar hannu, a ce 20 a kan kowane mutum. Mun kai 6,000 ke nan, ba a sa ribar kowa ba. Sai kamfani na farko ya kawo tayin 6,500. Na biyu ya kawo 4,200. Ƙa'idar da aka saba ta ce a ba mai rahusa. Raba 4,200 gida 50, za ka samu 84. Ma'ana ko da mai kamfanin nan waliyyi ne, bai ɗauki ko sisi ba, bai sayi tsintsiya ɗaya ba, ba zai iya biyan 100 ba. Duk wanda ke zaune a teburin nan ya iya wannan lissafi. Muna gani, muna sa hannu, har a yaba mana cewa mun yi wa gwamnati tattali.

To ta ina mai 4,200 zai fita? Hanya uku ce. Ko ya rage albashi, ko ya kawo mutum 35 ya rubuta 50, sauran su yi aikin waɗanda babu su, ko ya riƙa cire kuɗin fansho daga albashi ba ya kaiwa ko'ina. Yawanci duka ukun ake haɗawa.

Maganin da na gani yana aiki shi ne a cire albashi daga cikin gasar gaba ɗaya. Hukuma ta rubuta a takardar neman tayi: ga albashin kowane mutum, ga abin da doka ta ɗora a kai, wannan ba abin ciniki ba ne. Ku yi gasa a kan kuɗin hidimarku da ingancin aikinku kawai. Tarayyar Turai ta sa wani abu makamancin haka a dokarta ta sayayyar gwamnati ta 2014: idan tayi ya yi arhar da ta wuce hankali, dole hukuma ta nemi bayani, idan kuma ta gano arhar ta samo asali ne daga ƙin bin dokokin ƙwadago, wajibi ne ta yi watsi da shi. Ba zaɓi aka ba ta ba.

Ina tuna wani zama da na ɗaga hannu na ce wannan tayi ba zai iya biyan albashi ba. Shugaban kwamiti ya ce aikinmu farashi ne, albashi aikin ma'aikatar ƙwadago ne. Na yi shiru na sa hannu. Har yau abin yana damuna.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Baba, ka faɗi abin da ke bakina. Ni ne mai 6,500 ɗin nan, sau nawa ina faɗuwa. Amma ko an ce a yi gasa a kan kuɗin hidima kaɗai, akwai wanda zai rubuta sifiri. Na gani da idona.

Barista:
Gaskiya ne Alhaji, kuma Indiya ta yi fama da wannan. Kamfanoni suna rubuta cewa ba sa son ko anini na hidima, don su ci kwangila, daga baya su fanshe a jikin leburori. A 2014 ma'aikatar kuɗinsu ta ba da umarni cewa duk tayin da ya sa sifiri a kuɗin hidima a ɗauke shi tamkar ba a kawo shi ba.

Tunda an ambaci Indiya, tsohuwar dokarsu ta leburorin kwangila ta 1970 ta amsa tambayar Hajiya kai tsaye. Sashe na 21 ya ce ɗan kwangila ne zai biya albashi, amma a gaban wakilin hukumar da ta ba shi aikin, wakilin kuma ya sa hannu cewa an biya. Idan ɗan kwangila ya ƙi biya ko ya biya da giɓi, hukumar ce za ta cika wa ma'aikaci, sannan ta cire daga kuɗin ɗan kwangilar. Babu zancen "ba ma'aikatanmu ba ne."

Akwai kuma shari'ar 1982. Ana gine-ginen wasannin Asiya a Delhi, mafi ƙarancin ladan yini rufi 9.25 ne a kuɗin Indiya, sai dillalan da ke kawo leburori suna cire rufi ɗaya daga kowane mutum kullum. Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa sa mutum aiki a kan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba yana cikin aikin tilas da tsarin mulkinsu ya haramta, domin yunwa ce ta sa ya yarda. Ta kuma ce hukumomin gwamnati da suka ba da aikin ba za su wanke hannunsu ba. A kan rufi ɗaya fa.

Mai Gadin Dare:
Salamu alaikum. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da kuke magana a kai ni ne. Ina gadi a wani ginin gwamnati ta hannun kamfani, daga shida na yamma zuwa shida na safe, kwana shida a mako. Ga masu cewa a biya ta banki don a samu shaida, ga yadda ake yi mana. Ranar da aka ɗauke mu aka buɗe mana asusu, amma katin cire kuɗi yana hannun sufabaiza, shi ya san lambar sirri. Ƙarshen wata kuɗi ya shiga cikakke, wayata ta yi ƙara, in gani. Bayan awa biyu ta sake ƙara, an kwashe. Washegari a kira mu ɗaya bayan ɗaya a bayan ɗakin janareta, a ƙirga mana abin da aka ga dama a hannu. An ce sauran na kaki ne da takalmi da horo. Shekara uku ana cire kuɗin kaki, kakin kuwa guda biyu ne. Idan odita ya zo, takardar banki ta nuna an biya mu daidai. Wanda ya yi magana a cikinmu, sati bai zagayo ba aka ce an sauya masa wurin aiki, har yau ba a kira shi ba.

Uwar Marayu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, Allah ya fitar da ku.

Maman Khalil:
Malam, na karanta saƙonka sau uku. Kullum muna wuce irinku a bakin ƙofa muna amsa gaisuwa, ba mu taɓa tambaya ba.

Barista:
Malam, wannan dabara tsohuwa ce. A Amurka an yi dokar Davis-Bacon a 1931, wadda ta wajabta wa masu kwangilar gine-ginen gwamnatin tarayya biyan ladan da aka saba biya a yankin. Nan da nan 'yan kwangila suka koma biya a takarda su karɓe a bayan fage. Shi ya sa a 1934 aka yi dokar Copeland, ta mai da tilasta wa ma'aikaci ya mayar da wani ɓangare na ladansa laifin da ake ɗaure mutum a kai, aka kuma sa 'yan kwangila su riƙa miƙa jerin albashi kowane mako da sa hannunsu. A 1965 suka faɗaɗa kariyar zuwa ayyukan hidima irin shara da gadi, kuma kamfanin da aka kama ana iya hana shi kwangilar gwamnati shekara uku. Masu binciken nasu ba takarda kaɗai suke dubawa ba, suna keɓe ma'aikaci su tambaye shi nawa ya shiga hannunsa.

Shawarata gare ka: kada ka goge saƙonnin bankin nan, na shiga da na fita. Ka samu ɗan littafi kana rubuta ranar da aka ba ka kuɗi da adadinsu. Kati da lambar sirri naka ne, kana da ikon zuwa banki ka toshe wancan ka karɓi sabo, amma kada ka yi kai kaɗai. Ku haɗu da yawa, ku nemi ƙungiyar ƙwadago ko ofishin sufeton ƙwadago kafin ku motsa.

Malam Na Gefe:
Ni ina da ja. Duk abin da kuka faɗa yana da daɗin ji, amma kuɗin gwamnati ba rijiya ba ce. Dalilin da ya sa aka miƙa shara da gadi ga kamfanoni shi ne a rage kashe kuɗi. Idan kuka dage sai 6,500, hukuma za ta ce to masu shara 30 take so maimakon 50. Mutum 20 sun koma gida. Wanda ke karɓar 70 ya fi wanda ba ya karɓar komai. Ita kanta Birtaniya da ta fara wannan tsari na sa sharaɗin albashi a kwangilar gwamnati tun 1891 ai ta soke shi a 1983 zamanin Firaminista Thatcher.

Baba Akawu:
Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, sun ma fice daga yarjejeniya ta 94 a 1982. Amma ka ƙarasa: a 1999 sun dawo sun kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya hau kan kowane ɗan kwangila.

Sannan ka duba maganar Hajiya da kyau. A fayil ɗinta gwamnati ta riga ta biya cikakken albashi. Ba baitulmali ne ya yi tattali ba, kuɗin ya fita, a hanya ya maƙale. Inda kuma aka ba mai 4,200, ina mutum 50 ɗin da kake karewa? Na faɗa maka 35 ne a ƙasa. An riga an kori 15, sunayensu kawai ke karɓar albashi.

Malam Na Gefe:
Na yarda da batun fayil ɗin Hajiya, wannan sata ce tsagwaronta. Amma ban janye ba a kan sauran. Akwai ƙananan hukumomi da asibitoci da kasafinsu ba zai ɗauka ba, kuma wani zai rasa aiki. A faɗi wannan ma, kada a ɓoye.

Uwar Marayu:
A faɗa, babu laifi. Amma idan hukuma ba ta da kuɗin mutum 50, ta fito ta ce 40 za ta iya, ta rage faɗin aikin daidai da haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce dattijuwa mai tsintsiya ce za ta cike giɓin kasafin gwamnati daga cikin cefanen 'ya'yanta.

Abban Sadiya:
Ni tambayata, me ya sa ba za a ɗauke su aiki kai tsaye ba a huta? Aikin da ake yi kullum shekara da shekaru ai ba na wucin gadi ba ne.

Barista:
An yi haka a wasu wurare. A Afirka ta Kudu, lokacin zanga-zangar ɗalibai ta 2015, masu shara da ɗalibai sun haɗa kai, Jami'ar Cape Town ta amince ta mayar da ma'aikatan kamfanoni nata. Dokar ƙwadagonsu ma ta ce mai ƙaramin albashi da dillalin ma'aikata ya kai wani wuri, idan ya wuce wata uku ana ɗaukarsa ma'aikacin wurin ne, kuma kotun tsarin mulkinsu ta tabbatar da haka a 2018. Sai dai wannan doguwar tafiya ce. Mai sharar Hajiya tana buƙatar cikon albashinta a ƙarshen watan nan.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Idan za a saurare ni, abu biyu nake roƙo a sa a kowace takardar kwangila, ni kuma in sa hannu a kan duk hukuncin da aka ga dama. A rubuta cewa ranar da doka ta ƙara albashi, kuɗin kwangila zai ƙaru daidai da ƙarin, ba tare da an ƙara mini riba ba. A kuma rubuta ranar da za a biya ni, idan an wuce a biya da tara. A yi mini wannan, sannan duk wata kada a saki kuɗina sai na kawo shaidar albashi da ta fansho, a kuma tura mutum ya tambayi ma'aikatana a bayan idona.

Maman Khalil:
Barista, na bi shawararka. Yau da safe na nemi fayil ɗin na karanta har ƙarshe. A shafi na goma sha huɗu akwai sharaɗi cewa kamfani zai bi duk dokokin ƙwadago, kuma ma'aikatarmu tana da ikon neman shaidar biyan albashi kafin ta saki kuɗin kowane wata. Na duba baucocin wata tara da suka wuce, babu ko ɗaya da aka liƙa wa wannan shaida. Ba a taɓa nema ba.

Ina so in rubuta takarda, amma ina tsoron kada a gane ta bakin wa na ji, a kore ta.

Baba Akawu:
'Yata, kada ki ambaci sunanta, kada ma ki ambaci cewa kin ga saƙon wayar kowa. Ki rubuta wa shugaban sashen kuɗi, ki ba odita na cikin gida kwafi. Layi uku sun isa: sharaɗi kaza na kwangila kaza ya tanadi shaidar biyan albashi kafin a saki kuɗi, ba a ga shaidar a baucocin wata tara ba, ana ba da shawarar a nema kafin biya na gaba, tare da tantance ma'aikatan ido da ido. Da zarar odita ya karɓa ya buga hatimi, duk wanda ya sa hannu a baucar gaba ya san wuyansa ne a ciki. Ki riƙe kwafi mai hatimi a gida.

Mai Gadin Dare:
Hajiya, idan za su tantance, ki roƙa kada a yi a gaban sufabaiza. Kuma a zo da dare ma, mu na dare ba a taɓa ganinmu.

Maman Khalil:
Na rubuta wannan ma a ciki, Malam. Ranar Litinin in sha Allahu zan miƙa.